Ranar da Baba Firmin ya zagi mai ɗinkin littafi

Shekara goma sha ɗaya ina kasa tsofaffin agogo a kasuwar Lahadi ta bakin kogi a Liège, kuma duk tsawon lokacin teburina yana jingine da na Ghislaine, mai sayar da tsofaffin mujallun yara masu labarai cikin zane. A ƙarshen teburin nata akwai kujerar da ba mai zama sai Baba Firmin Lhoest.

Baba Firmin mai ɗinkin littattafai ne tun yana ɗan shekara sha shida. A zamaninsa iyaye kan tara mujallun mako-mako na shekara guda, su kawo masa ya ɗinke su wuri ɗaya ya sa musu bango mai kauri. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, matarsa ma ta ce numfashinsa yana hana ta jin rediyo, sai ya koma yi wa mutane ƙiyasin farashin tsofaffin mujallu. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa kawai a tsaya a ji faɗansa.

Idan aka miƙo masa kundi, sai ya fara shinshina shi, ko ya sha danshin ɗakin ƙasa. Sannan ya duba gefen takardu, ya leƙa ko bangon kowace mujalla yana nan, ya girgiza kai.

Wata Lahadi wata mata, Madam Josiane, direbar bas ce, ta jawo akwati mai taya. Kundi goma sha biyu ne na marigayi mahaifinta, jajayen bango, tun na wajen 1960.

Baba ya gyara tabarau, ya buɗe na farko, sai ya dafe ƙirji.

"Wane mahauci ne ya yi wannan aika-aika? Ghislaine, zo ki ga ta'asa! Ya datse gefe har ya cinye lambar shafi. Bangon kowace mujalla ya fizge ya yar. Ga gam kamar mai liƙa kwalta!"

"To nawa za su yi, Baba?" in ji Madam Josiane.

"'Yata, da an bar su warwatse yadda aka sayo su, da masu tara irinsu sun ba ki yuro dubu uku suna godiya. Yanzu kuwa in kin samu ɗari huɗu ki ruga gida kada su sake shawara. Wanda ya yi aikin nan, da zan gan shi, kogin can zan tura shi."

Ghislaine tana juya kundi na biyu, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta buɗe bangon baya ta miƙa masa. Can ƙasa ga ɗan hatimi shuɗi: F. Lhoest, da adireshin tsohon shagonsa.

"Tsoho," ta ce, "ga kogin nan kusa. In riƙe maka hula?"

Mai sayar da cuku da ke gefenmu sai da ya zauna a kan akwati don dariya. Kunnuwan Baba suka yi ja. Ya ɗaga kundin ta bango ɗaya ya girgiza shi da ƙarfi.

"Amma ku dubi ɗinki! Shekara hamsin da ɗoriya, ko shafi ɗaya bai faɗo ba. Yaron yana da hannu, hankali ne dai babu."

Madam Josiane ta share hawayen dariya ta tambaye shi inda ya kai bangwayen, don Ghislaine ta ce su kaɗai ma kuɗi ne. Baba ya ce a lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, shi dai yana kai wa mahaifinsa ne ya shimfiɗa a ɗakin tantabaru.

"Tantabarun gidanku sun yi kashi a kan dukiya," in ji Ghislaine.

"Kuma ko gasar tseren tantabaru ɗaya ba su taɓa ci ba, 'yan banza," in ji Baba.

Ya nemi ya biya Madam Josiane wani abu, da gaske yake, har ya zaro walat. Ta ƙi. Ta ce mahaifinta ya sha gaya musu ranar da ya karɓo kundayen nan ji ya yi kamar ya fi kowane yaro a layinsu tsayi don alfahari, kuma da ba a ɗinke su ba da tuni kakarta ta hura murhu da su. Ta sayar wa Ghislaine goma sha ɗaya, ta riƙe wanda mahaifin ya rubuta sunansa a ciki da rubutun 'yan firamare.

Lahadi biyu Baba bai zo ba, wai gwiwa. A ta uku ya iso da ledar waina mai sukari, ya raba mana, ya zauna. Kafin azahar har faɗansa ya sa wani likitan haƙori ya fasa sayar da kayansa don haushi.