Injin Niƙan Bayan Katanga

Ko zan manta komai a wannan aiki, ba zan manta ranar da na koma wani ƙauye a bayan Bwari da kwamfuta cikin buhun doya ba. Ku sababbin shiga kuna ganin kyamara ita ce aikin. Ni da furfura ta fito mini ina bin sawun 'yan fashi da makokin da suke bari, na daɗe da daina ganin haka.

A lokacin muna haɗa fim ne kan infoma, wato ɗan gari da ke nuna wa masu garkuwa da mutane gidan da za su shiga. Kowa ya san suna nan, amma ba mai buɗe baki. Mun je Kuje, mun je Uke, ko'ina sai a ba mu ruwa a ce Allah ya kyauta. Har na fara cire rai, sai muka samu wata manomiya, bari in kira ta Mama Laraba. An ɗauke mijinta, gawarsa aka dawo mata da ita. Ta ce ta gane muryar wanda ya rako su ƙofar gidan, kuma maƙwabcinta ne.

A matsayin masu sayen doya muka shiga, muka ɗauki maganarta a cikin ɗaki. Ƙa'idar aikinmu ita ce a dusashe fuskar mai ba da shaida, a sauya muryarsa, a cire sunansa da na garinsu. Sannan kafin fim ya fita, a koma a nuna masa, shi da bakinsa ya ce ya yarda. Bulus, mai tace mana hoto, ya yi aiki kam. Har launin zaninta sai da ya canza.

Madam ɗin da ofishinsu ya ɗauki nauyin fim ɗin ta kalla ta share hawaye. Ta ce, "Wannan matar ita ce fim ɗin. Kuma ba sai ka sake bin wannan muguwar hanya ba, ko uwarta ba za ta gane ta ba." Wallahi na so in bi maganarta, don bayana ma ciwo yake. Sabo ne kawai ya tashe ni.

Da rana tsaka na isa. Na sa mata abin saurare a kunne na kunna. Ta kalla, ko hawaye ba ta yi ba. Can ta ce in mayar baya. Na mayar.

Ta cire abin daga kunnenta ta ce, "Oga, fuska kam kun rufe shi. Wannan abu da yana kuka a baya fa?"

Na karɓa na saurara. Can ƙasa da muryarta akwai ƙarar inji, wadda ni da Bulus muka ji ba adadi ba mu kula ba. Na ce, "Haba Mama, injin niƙa ne. Wane gari ne babu shi?"

Ta ce, "Wannan na maƙwabcin nan ne. Bel na injin ya tsinke, ya ɗaure da waya, shi ya sa yana yin ƙas-ƙas ɗin nan. Duk garin an san kukansa. Kuma gida ɗaya ne ana jin sa kusa haka."

Ban kai ga amsa mata ba aka tayar da injin a bayan katangar ɗakin. Ƙas-ƙas ɗin kuwa, babu bambanci. Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin doya.

Bulus ya yi iya yinsa, amma ƙarar ta riga ta cuɗe da muryar. In ya kankare ɗaya sai ɗayar ta bi ta. Na aika a tambayi Mama Laraba ko za ta zo Abuja mu sake ɗauka. Ta aiko cewa ta faɗa sau ɗaya, ba ta da ƙarfin na biyu. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ko wata muka sa ta karanta maganar, labarin kansa zai nuna gidan. Na ce wa Bulus ya cire ta daga fim ɗin gaba ɗaya.

Madam ta ce, "Ka san ka kashe fim ɗin ko?"

Na ce, "Na sani, Madam."

Haka ya fita, salam, daga masana masu kwat da taye sai hoton daji. Ba a kama kowa ba, kuma ofishin bai ƙara nemana ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don ban taɓa ɗaukar magana mai ƙarfin wannan ba.

Bara na ga Mama Laraba a kasuwar Bwari ta kasa doya. Muka gaisa kamar tsofaffin abokan ciniki. Na rage murya na tambaye ta mutumin. Ta ce yana nan. Na ce, "To yanzu ina kike kai niƙa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Wurinsa mana. In na daina, zai tambaya me ya sa."

Shi ya sa nake matsa muku ku koma ku nuna wa mai shaida, ko da hanya ta lalace, ko da kun gaji. Mu idan mun gama, jaka muke ɗauka mu dawo Abuja. Ita kuwa gobe da safe za ta miƙa wa mutumin nan kwanon dawarta, ta ce masa ina kwana.