Ramin da Yaya Ladi ke nema

Yau motata ta faɗa rami a Makera, sai na tuno Baba, na kama dariya.

A shekarun 1980 Yaya Ladi na karatun duwatsu a jami'a, Baba kuwa ya nace ta koma likitanci.

Ta ce, "Baba, akwai inda dutse ya faɗo daga sama tun zamanin da, ya yi ƙaton rami, ƙasa ta binne shi. Da na'ura ake gano shi."

Ya ce, "Rami? Na titinmu ba su ishe ki ba?"

Washegari na jiyo shi a garejin Oga Emeka makanike: "'Yata ce mai gano inda tauraro ya faɗi!"

Bai ƙara zancen likitanci ba.

Ku ma haka iyayenku suke, faɗa a gida, yabo a waje?