Hular da na goge

Shekara huɗu ke nan ina gadin wani kanti a Woolwich, wata unguwa a London, tsaye bakin ƙofa ina kallon masu sayen burodi. A gida marubucin fim ne ni. Na rubuta labarin wani ɗan siyasa mai buɗe rijiya guda duk lokacin zaɓe, sai aka kira furodusoshi aka ja musu kunne: duk fim ɗin da aka ga hannuna a ciki ba zai fita ba. Ko takarda ba a ba ni ba. Wayata ce kawai ta daina ƙara, har na gaji na baro ƙasar.

Darakta ɗaya ne bai guje ni ba, abokina tun muna sakandare. Nakan yi rubutu a jirgin ƙasa in tura masa, shi kuma ya sa sunansa. Abin na ci mini rai, amma ya fi zaman banza.

Ina da wata ɗabi'a. A kowane fim nawa, in mutum zai faɗi gaskiya mai ɗaci, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Haka marigayi babana yake yi. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, ba ruwanta da sunayen da ake jerawa a allo, hular take jira. Da ta gani sai ta leƙa maƙwabta ta ce, "Wannan na yarona ne."

Rannan abokin nawa ya kira ina hutun rana.

"Malam, ka cire hular nan. An fara yi mini tambayoyi. Ka san ina da iyali."

Na zazzaga masa masifa, har da ce masa matsoraci, ni da nake London ba mai taɓa ni. Washegari kunya ta kama ni, na goge layin na tura.

Fim ya fita lafiya. A waya na kalle shi, kan benci kusa da kasuwa, ana yayyafi. Dattijon cikin labarin ya faɗi gaskiyarsa da hula a ka.

Ranar Juma'a na kira gida.

"Ƙanwarka ta kunna mini wani fim, wai naka ne," in ji mahaifiyata. "Na kalla har ƙarshe. Na ce mata ƙarya ne, ɗana ba ya manta ubansa."

Zuciyata ta karye. Amma na san in na faɗa mata gaskiya, kafin la'asar unguwa ta ji, abokina kuma ya shiga uku.

Na ce, "Gaskiyarki, Inna. Ba nawa ba ne."