Ganyen da Gara ta Ci

Lokanat Rat bai taɓa yin wata sana'a ba sai rubutu a kan ganyen giginya. A ƙauyensu na kusa da birnin Puri, shi ne na huɗu a gidansu da ya riƙe alƙalamin ƙarfe. Abin da ya gada littafi ne na saiwoyin kalmomin tsohon harshen Sanskirit, kowace da asalinta da 'ya'yan da ta haifa. Al'adarsu, in littafi ya tsufa sai a kwafe shi, a kai tsohon kogi.

Ya gama kwafa ke nan wata malamar jami'a, Sulochana, ta zo. Wai tana bin asalin kalmar "gam", wato tafiya, tana son ganin rubutun kakansa.

"Ga sabo nan, 'yata," in ji shi.

"Tsohon nake so, Baba. Hoto kawai zan ɗauka."

Ganyen "gam" shi ne gara ta ci rabinsa. A sabon kwafin, ƙarshen layi uku ya cike da abin da yake tunawa daga bakin mahaifinsa, bai gaya wa kowa ba. Cikin saiwa kusan dubu biyu, me ya sa sai wannan? Ya ce ta dawo jibi.

Da ta tafi ya tsare matarsa Haramani a madafa. "Ke kika yi surutu a bakin rijiya?"

"Ni da ban iya karanta baƙi ko ɗaya ba? Matan rijiya albasa ce ta dame su, ba gararka ba."

"To wa ya turo ta? Ƙanena ne. Tun rabon gado yake jira a ce na ɓata littafin."

"Yarinya ta cire takalmi, ta taɓa ƙafarka don girmamawa. Nuna mata, ƙila ta san abin da ya ɓace."

Wannan ya fi komai tsorata shi. In ta sani, za ta san inda ya kuskure.

Washegari ya naɗe tsohon littafin a jan ƙyalle, ya ɗora furanni, ya shiga kogi har gwiwa ya sake shi.

Sulochana ta dawo da kwafin wani littafin daga wani gari, wanda farkon layukan nan ya ɓace masa. Da ta ji tsohon ya bi kogi, ta ce da an haɗa guntunsa da nata, da an gane ko asalinsu ɗaya ne.

Lokanat ya tambaye ta wa ya ba ta sunansa.