Mode da Busassun Rijiyoyin Wata

Mode mai ginar rijiya yana da wata ɗabi'a. In aka fito da laka daga rami, sai ya shimfiɗe ta da tafin hannu, ya ja da baya, ya jefa mata tsakuwa, ya durƙusa ya daɗe yana duban gurbin. Mutanen Lahodu sun saba, sun bar tambaya.

Ba tun farko yake haka ba. A zamanin Turawa ya gina wa masu albasa rijiyoyi da yawa a fadama, duk da ruwa. Amma gidansa a kan tudu yake, kuma matarsa Uwaliya ta tsufa tana hawa da tulu. Ya yi mata alkawarin rijiya a ƙofar gida. Huɗu ya gina, huɗun babu ko danshi.

Yana shirin ta biyar wani Bature mai awon ƙasa ya sauka gefen gari, da madubin awo mai ƙafa uku. Aka kira Mode ya gyara rijiyar masauki. Gab da magariba, wata yana da kwana takwas, Baturen ya ɗaga madubin sama ya saita shi a kan watan, ya yafito Mode. Mode ya kafa ido, bai ɗago ba har tafintan Baturen, wani Siddiƙu, ya taɓa shi.

"Baba Mode, mi ka gani?"

"Rijiyoyi," in ji Mode. "Kowace da tarin ƙasa a baki, yadda muke yi. Ga fadama can baƙa wuluk, shimfiɗe, kusan ba a taɓa ta ba. Sun bar ta sun hau farin tudu suna ta gina. Kuma duk busassu. Wa ya yi wanga aiki?"

Siddiƙu ya juya maganar, Baturen ya yi dariya ya amsa.

"Ya ce ba kowa. Malamansu ma gardama sukai. Wasu sun ce wuta ta huda daga ciki, wasu sun ce duwatsu sunka faɗo."

"Bai sani ba ke nan."

"Baba, rufa mini asiri, ba ni faɗa mishi haka."

Mode ya koma gida ya ba matarsa labarin duka, ya jingine dagin da yake gina da shi. Uwaliya ta lura da damina ta wuce bai ɗauka ba.

"Malam, rijiyar tawa fa? Ko wata ya shanye ta?"

"In wani ya gina dubu a tudu bai sami ruwa ba, ni mi ta biyar za ta yi mini?"

"In kuma duwatsu ne?"

"To ba wanda ya riga ni gazawa."

"Kai da ka san laka, sai ka tambaye ta," ta ce, ta ɗauki tulunta.

Daga nan jifa ya fara. Laka mai ruwa tana haɗiye tsakuwa ta rufe. Mai tauri tana tsagewa. Ya gwada yashi, ya gwada toka. Shekara uku ana haka, Uwaliya tana hawa da tulu, a hankali fiye da da.

Wata safiya ya kwaɓa toka da yumɓu a tsakar gida, ya hau kan rumbu da dutsen niƙan da ya fashe, ya sake shi. Da ya sauko ya ga rami zagayayye, bakinsa ya taso kewaye, ƙasa ta fantsama gefe. Ya kira matarsa.

"Ki duba. Ba wanda ya gina wannan."

"Daidai da na watan?"

"Kusan. Nasu gindinsu a shafe yake, wannan ban gane ba tukuna."

Washegari ya ɗauki dagi. Ya yi rani yana gina, har zurfin gaba goma sha ɗaya. Ranar ƙarshe ya aiko da kwandon yashi sama, Uwaliya ta damƙa, yashin ya dunƙule a hannunta, da sanyi. Da ya fito ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, gobe zai ƙarasa.

Bayan sadakar bakwai ɗinsa maƙwabta suka zo cike ramin saboda awaki. Uwaliya ta hana. Ta sa aka jera itace a baki, ta rataye igiyarsa a ƙofar zaure.