Biyar da Wata Huɗu

A layin baya take zaune, a ɗakin bitar da dole mu ma'aikatan jin daɗin jama'a mu halarta duk shekara kafin a sabunta mana takardar aiki. Ban san ta ba. Dattijuwa ce siririya, an ɗaure ƙafar tabaraunta da zare, ta rungume jaka a cinya kamar za a fizge. Tun safe rubutu kawai take yi.

Malamin bitar yana kawo mana misalin sakaci, ba tare da sunaye ba: wata yarinya 'yar shekara shida da wata ma'aikaciya ta mayar gidan da ake dukanta, bayan sati uku ta rasu. Ɗaki ya kaure da salati da tsaki. Na kusa da ni yana cewa, "Wannan ma'aikaciyar ai ɗauri ya kamace ta."

Sai dattijuwar ta ɗaga hannu.

"Malam, ba shida ba ce. Biyar da wata huɗu." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni na kai ta har ƙofa. Ta riƙe min mayafi, na ɓamɓare yatsunta."

Na juya na kalle ta. Malamin ya saki baki.

Shekara nawa ke nan tana zuwa tana zama ana darasi a kanta? Allah masani. Ta gyara tabarau, ta ɗauki biro.

"Ci gaba, ɗana. Har yanzu akwai abin da ban gane ba."