Motar da Baba Rwang Ya Raba Biyu

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, za ka ga Baba Rwang ya gangaro ta bayan kasuwar Woolwich, masu kayan miya ma ba su gama baje kolinsu ba. Yana sanye da tsohon kwat ɗin soja, wanda matarsa Ngo Chundung ta shekara ashirin tana barazanar ƙonawa ba ta ƙona ba, filas ɗin shayi kuma a hammata. Abu uku ne ba sa barin aljihunsa: 'yar wuƙa, ƙaramar guduma da guntun alli. Idan ya shiga garejin da yake aiki, inda ake gyara tsofaffin manyan motocin sojan Ingila ana tura su Najeriya, ba ya gaida kowa sai ya zagaya motocin tukuna. Turawan da suke aiki tare sun daɗe da daina jin haushi. A ƙarshen watan nan na shekarar 1979 zai ajiye aiki, yana da shekara sittin da biyar a takarda. A gaskiya kuwa Allah kaɗai ya san shekarunsa, don ranar da aka haife shi a wani ƙauye kusa da Bukuru babu mai rubutawa.

Kowace mota daga wurin gwanjon sojoji take zuwa da takardunta, amma Baba Rwang kallo ɗaya yake musu ya ajiye. Sai ya durƙusa gindin ƙofar direba, ya zaro wuƙarsa, ya fara kankare fenti a hankali. Soja ba ya cire tsohon fenti, ɗora sabo yake yi a kai duk inda aka tura shi, saboda haka mota tana ɗauke da labarin yawonta a jikinta. In ya tarar da launin rairayi a ƙarƙashin kore, ya san ta yi zaman Adan ko Libiya, sai ya buɗe akwatin giyar motar ya nemi yashi. In kore ne kan kore har ƙasa, ta yi Jamus ke nan, inda ake zuba wa titi gishiri lokacin sanyi, sai ya shige ƙarƙashi da guduma. Wadda ta yi dajin Malaya kuwa wayoyinta yake fara bi, don damina ba ta barin waya lafiya. Idan ya gamsu, sai ya rubuta harafin farko na sunansa da alli a cikin ƙofa. Idan bai gamsu ba, ka yi magana har bakinka ya bushe, allin nan ba zai fito ba.

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Karen mota ya fara yi a kamfanin kuza, a kan wata tsohuwar mota da aka ce ragowar yaƙin duniya na farko ce, tayarta roba ce zalla babu iska, in ta faɗa rami sai ka ji a haƙoranka. A 1940 ya shiga soja. Lokacin hafsoshi suna ba su labarin yadda Ingila ta gudo ta bar dubban motocinta a gaɓar Faransa, don haka kowace mota da ta rage sai an lallaɓa ta. Ya bi motoci har Habasha, ya bi su har ƙasar Bama, yana ɗaure abin da ya karye da waya, yana toshe lagireto da sabulu. Ya fito da igiyar saje uku da kunnen hagu da ba ya ji sosai. A 1956 ya hau jirgin ruwa zuwa Landan, ya sami aiki a wani babban gareji a bakin kogi, mai garejin kuma ya ba shi ɗakuna biyu a saman ofis. Nan suka zauna shi da Ngo Chundung shekara goma sha tara, nan 'yarsu Dinatu ta girma, tana jin Hausa tana amsawa da Turanci.

Sai arzikin man fetur ya ɓarke a gida Najeriya. Waɗanda suke Landan a shekarun nan ba za su manta ba. Alhazai suka riƙa sauka da manyan riguna a cikin sanyi, kowa na neman abin da zai ɗauki siminti da rodi, kowa kuma sauri yake yi kamar ana binsa. Motar da ta shekara biyar ciyawa na fitowa a bodinta sai ga mutum uku suna jayayya a kanta. Mu ma da muke nan kanmu ya ɗan yi girma, mu faɗi gaskiya, don karo na farko ke nan da Bature yake mana murmushi tun daga bakin ƙofa.

A cikin kakar 1975 Alhaji Nata'ala, wani mai motocin sufuri daga Kano, ya zo babban garejin nan na bakin kogi sayen motoci goma sha biyu. Malam Zailani, wanda yake masa tafinta, shi ya ga abin da ya faru da idonsa, kuma daga bakinsa muka ji. Goma sha ɗaya sun sami alli ba gardama. Ta goma sha biyun ita ce ta fi kowace kyau, fentinta na sheƙi, ƙarƙashinta an shafe shi da baƙin kwalta mai kauri. Ba daga wurin sojoji ta zo kai tsaye ba, ta hannun wani dillali ta biyo. Baba Rwang ya kankare gindin ƙofa bai ga komai ba, an wanke ta har ƙarfe kafin a yi sabon fenti. Wannan kaɗai ya sa ya tsuke fuska. Ya leƙa bayan inji, sai ya ci karo da ragowar wani danƙo mai toka-toka a maƙale, irin wanda sojoji ke liƙe inji da shi idan za su sauke mota daga jirgi ta shiga ruwan teku ta fito gaɓa. Ya kwanta a ƙasa, ya kai kunnensa na dama kusa da shasi, wato ƙashin bayan motar, ya buga guduma a inda aka ninka ƙarfe biyu. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi. Wannan kuwa amsawa ya yi kamar an bugi buhun gari.

Ya fito yana share hannu, ya ce, "Alhaji, wace hanya za ta bi?"

"Siminti za ta ɗauka daga Fatakwal zuwa Jos," in ji Alhaji. "In za ta dawo ta ɗauko dankali da 'yan kasuwa a sama. Me ya faru, Baba?"

Baba Rwang ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Ya san Hawan Kibo, gangaren nan mai kwana-kwana da ake saukowa daga tudun Jos, ya kuma san su wane ne ke zama a kan buhunan dankali: mata ne, galibi da goyo.

"Wannan mota ta sha ruwan gishiri, ranka ya daɗe. Ciki ya ruɓe. Ba zan sa mata alli ba."

Alhaji ya yi dariya tukuna, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba wasa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. "Haba Baba! Na yi booking ɗin jirgin ruwa ranar Juma'a. Ka san yadda tashar jiragenmu take yanzu? In aka yi cancel, sai na yi wata shida ban sami wani ba. Goma sha biyu na yi alkawari, ba goma sha ɗaya ba. Ɗan'uwanka ne ni fa, Bature ma bai hana ni ba sai kai?"

Mai garejin ya fito daga ofis. Ba mugun mutum ba ne, mu ba shi haƙƙinsa, amma shi ma takardu ya gani, takardun kuma sun ce lafiya lau. Ya ja Baba Rwang gefe ya ce masa alli ba doka ba ne, da shi da babu shi motar za ta tafi. In ma Alhaji ya fasa, akwai mutum biyu da ke jira. Ya kuma tuna masa, cikin murya mai sanyi, shekarunsa nawa, da kuma ɗakunan wane ne yake kwana a ciki.

Zailani ya ce sai tsohon ya juya. Ya koma ya zauna a kan wata taya, ya buɗe filas, ya zuba shayi ya bar shi ya huce a hannunsa. Abin da yake aunawa ba ɓoyayye ba ne. Baƙin mutum mai shekara sittin da ɗaya, ba shi da satifiket ko ɗaya, wa zai ɗauke shi a garin nan? Ina zai kai Ngo Chundung da sanyi ya kawo kai? Ƙin sa alli kuma ba zai tsare kowa ba, motar dai za ta hau jirgi.

Da aka tashi cin abincin rana, gareji ya yi shiru, sai ya jawo tukwanen gas, ya kunna wutar yankan ƙarfe, ya shiga ƙarƙashin motar. Kafin a ankara ya yanke ɓangare ɗaya na shasin, yana kan na biyu. Mutane suka fito a guje, mai gareji na ihu, Alhaji na salati. Bayan motar ya yi wata ƙara ya zauna a kan itatuwan da ya tara mata, daga tsakanin ƙarfen kuma tsatsa ta riƙa zubowa ja wur kamar garin barkono. Abin da ya rage na ƙarfe mai lafiya bai kai kaurin murfin gwangwani ba. Kowa ya gani. Alhaji ya durƙusa da babbar rigarsa, ya ɗebi tsatsar ya murza a yatsunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya fita. Ya tafi da motocinsa goma sha ɗaya, kuma har yau bai aiko da ko gaisuwa ba.

Da labari ne na ƙirƙira, a nan za a tafa masa a ƙara masa girma. Ba haka aka yi ba. Ya lalata kayan da ba nasa ba, a gaban mai saye, kuma mai garejin ya kasa haɗiye wannan. Aka ba shi mako biyu ya kwashe kayansa.

Ngo Chundung ta ce da ya hau sama da yammar nan ya faɗa mata, sai ta rufe shi da tambaya. "Baban Dinatu, a kan motar wani? Mutanen da ba ka sani ba? Mu kuma fa?" Sai ya zaunar da ita, ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba cikin shekara talatin. A Bama, wani hafsa mai sauri ya taɓa tsaya masa a ka a kan wata mota da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, shi kuma ya ce a tafi da ita. Direbanta Matiyu ne, abokinsa, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Motar ta ƙwace masa a gangaren wani dutse, ba ta kai gindinsa da ƙafafunta ba. Da hannunsa ya haƙa kabarin. "Ba wanda ya tuhume ni," ya ce mata. "Har igiya aka ƙara mini bayan nan." Ta ce daga nan sai ta tashi ta fara naɗe labule.

Suka koma ɗaki ɗaya a Old Kent Road, a gidan wasu 'yan cocinsu, kafin council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta ba su gidan haya bayan shekara guda da 'yan watanni. Mutumin da ya san ciwon inji daga jin tarinsa ya koma wankin bas da bokiti da tsintsiya, hannuwansa suka tsattsage da ruwan sanyi. Mun riƙa ganinsa a lokacin, wasunmu ma muka riƙa kauda kai don kunya, har da mai wannan rubutu. Sai daga baya wani ƙaramin gareji da ya ji labarinsa ya kira shi, inda yake har yau. Albashin bai kai na da ba, haƙƙin shekara goma sha tara kuma ya tafi ke nan.

Baba Rwang, kai ne ka ga abin da takarda ba ta gani ba. Kai ne aka ce ka rufe ido na minti ɗaya ka tsira da gidanka, ka ƙi. Saje mai alli ɗaya, wanda ba a saye ba a roƙa. Ba ka taɓa tsayawa a taro ka ba da labarin nan ba, kuma mun san za ka yi mana faɗa da ka ji an rubuta shi. Ka yi haƙuri, mun daɗe da yin shiru.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa 'yar walima a zauren cocinsu, Musulmi da Kirista, aka ci shinkafa aka sha shayi. Can Malam Zailani ya yi masa tambayar da ta shekara huɗu tana cinsa. "Baba, tsakani da Allah, da ka yanka ka tarar ƙarfen lafiya lau fa?"

Tsohon ya juyo da kunnensa mai ji, aka maimaita masa. Ya ce, "To, da na yi asarar aiki a banza, mutane su ce tsoho ya haukace. Wannan ina iya ɗauka. Ɗayan ne na taɓa ɗauka, na san nauyinsa."

Ngo Chundung ce ta fara share ido da bakin gyalenta.

Yanzu da ƙasarmu ke sayen komai da gaggawa, 'yan'uwanmu da yawa a nan da can suna riƙe da irin wannan amana: mai duba jini a asibiti, mai sa hannu a kan gada, mai gwada birki a tasha. Muna roƙonku, ranar da wani mai sauri ya tsaya muku a ka, ku tuna akwai wanda aka tsaya wa haka a bakin kogin Landan, yana da abin rasawa fiye da naku, bai sa hannu ba.

Matan da za su hau motar nan suna can da ransu, wasu a kasuwa, wasu a gona, goyonsu ya isa shiga makaranta. Ba su san sunanka ba, Baba, ba su ma san an taɓa yin wata mota ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Mu da muka sani, a madadinsu muke cewa mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da alheri.